Ganyen sufurin da na sa wa wuta

Shekarun baya, shida ko bakwai ke nan, sitiyari ya mutu a hannuna a kan kwaltar Michika. Mun faɗa wani rami da ban gani ba sai da na zo kansa, na ji ƙara a ƙasa ta ɓangaren dama kamar an fasa faranti, motar ta durƙusa ta gaba, ta kama hanyar daji da kanta. Na murɗa hagu, ba ta ji ba. Na taka birki, abin ya ƙara lalacewa. Bayanmu cike da buhunan wake. Abokina, wanda ke bina yana kula da lodi, yana gefena yana ɓarar gyaɗa. Abin da na ji ya ce kawai shi ne, "Riƙe ta, mutumina." Muka gangara, muka kifa ta ɓangarensa.

Ni na fito ta gilashin gaba, ba abin da ya same ni sai yanka a goshi. Shi kuwa ƙofa ce ta danne masa ƙugu. Manoma suka taho daga gonakinsu, sai da aka zubar da buhuna kafin aka iya ɗaga motar. Suna ta fama, ni ina durƙushe ina leƙen ƙasanta. Kowa ya ɗauka ruɗewa ce. Ba ruɗewa ba ce, na san abin da nake nema. Babban ganyen sufurin gaba, na dama, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya, ya karye gida biyu, daidai inda na san zai karye.

Bari in koma baya ku gane.

Motar ta kawuna ce, ƙanin mahaifiyata, ɗan kasuwar hatsi a nan Mubi. Tsohuwar a-kori-kura ce irin ta daji, wadda ƙafa huɗu ke ja. Ni a aji biyu na sakandare na ajiye boko. Na gwada facin taya, na gwada sayar da fetur a kwalba, har ɗinki na yi na sati uku kafin na karya allurar keken mutane na gudu. Mahaifiyata ta yi ta yi wa kawu kuka har ya ba ni makullin motar, ina jin don kunnensa ya huta.

Aikina shiga ƙauyuka, wajen Bahuli da bayanta, in ɗauko wake da gyaɗa da masara. A daji motar nan ba ta da ta biyu. Ta tsallake rafi, ta hau dutse, ta fita daga taɓon da ya riƙe wasu. Amma da ta hau kwalta sai ta koma kamar mashayi. Sitiyari yana yawo, ka kai saba'in gaban ya fara rawa, ka taka birki ta ja gefe. Shekarun lodi sun kwantar da sufurin gaba har ya miƙe, shokazoba masu tare girgiza sun mutu, robobin duk sun cinye. Ni kuma kwalta nake so. Na gaji da ƙauye, na gaji da tura mota a rairayi. Kawu ya ce in aka gyara ta ta iya tsayuwa a kan titi, zai ba ni lodin Michika, in na yi hankali har Yola.

A bayan tasharmu akwai wani tsoho, kowa Baba mai sufurin yake ce masa. Ya fi shekara talatin a ƙarƙashin bishiyar dogon-yaron nan. Kayan aikinsa guduma ce, da wani ƙaton ƙarfe mai kwari a tsakiya, da alli. Zai zana lanƙwasar da yake so a kan siminti, ya ɗora ganyen sufurin a kan ƙarfen ya yi ta bugu, ya ɗauka ya gwada a kan zanen, ya mayar ya sake bugu. Ganye ɗaya sai ya ci masa rabin yini. Ya duba motar ya ce zai tayar da ganyayen gaba duka, ya ƙara ɗaya a kowane gefe, a sa sababbin robobi da shokazoba da tayarod mai haɗa sitiyari da taya, sannan ya sa wani ɗan siririn ƙarfe a ƙarƙashin sufurin don sitiyari ya riƙa komawa tsakiya da kansa bayan kwana. Ya ce yini huɗu.

Yini huɗu a wajena kamar shekara ne. Ina zaune a kan tsohuwar taya ina kaɗa ƙafa, na tambaye shi me ya sa ba zai sa wa ganyen wuta ba, ya yi laushi ya lanƙwasa nan take. Bai ko ɗaga kai ba.

"Direba, ƙarfen sufurin an riga an dafa shi tun daga inda aka ƙera shi. Ka sake dafa shi, ka kashe shi. Kai da ko shayi ba ka bari ya huce, ina za ka gane."

Masu wankin mota suka yi dariya, ni ma na yi.

Rana ta uku aka yi masa rasuwa a Mayo Bani, surukinsa. Ya gama komai sai ganye ɗaya, babban na dama, wanda ke riƙe da sauran. Ya jingina shi a jikin bishiya, ya ce kar kowa ya taɓa, bayan sadakar uku zai dawo. Kasuwar Michika kuma jibi. Kawu ya ce ba komai, zai ba wata mota lodin, ni in jira wani satin. Wannan "wata mota" ita ta hana ni sukuni. Na ga kamar in wani ya ɗauki lodin sau ɗaya, ya ɗauka ke nan har abada.

Washegari da safe na ɗauki ganyen, ni da abokina, muka kai shi wajen wani mai walda can ƙarshen gari inda ba a san mu ba. Na kwafo zanen Baba a kan kwali. Aka hura masa wuta wuri uku har ya yi ja, aka lanƙwasa, ko minti ashirin ba a yi ba. Mai waldan ya ce a bar shi ya huce da kansa. Na ɗauki bokitin ruwa na watsa masa. Abokina ya ce, "Tsohon fa ya ce kar a sa wuta, kai har da wanka ka yi masa." Na ce masa tsoho aikin zamanin da yake yi. Na shafe ganyen da baƙin mai, muka haɗa da wani bakanike, na gaya wa kawu Baba ya gama kafin ya tafi.

Abin da ya fi ci min rai har yau shi ne motar ta yi daɗi. Gabanta ya tashi, ta tsaya kamar sabuwa. Na hau kwalta na kai tamanin, shiru. Na kai ɗari, shiru. Na saki sitiyari da hannu biyu ta miƙe abinta, abokina yana zagina yana dariya. A kwana ba ta kwanciya, in na fito sitiyari ya dawo da kansa kamar yadda Baba ya faɗa. Aikin tsohon ne duka, ni na ɗauka wayona ne.

Da Baba ya dawo ya kira ni a waya, ya tambayi wa ya ƙarasa ganyen. Na ce wani bakanike ne, da guduma. Ya ce, "Wuta ta taɓa shi?" Na ce a'a. Ya ce duk da haka in kawo ya gani. Na ce bayan kasuwa. Sati biyu ina ce masa bayan kasuwa, har na koma bin wata hanya don kar in wuce ta gaban bishiyarsa. A tafiya ta biyar muka faɗa ramin.

An kai abokina asibiti, ƙugu ya karye, daga baya aka wuce da shi Yola. Kwana huɗu bayan haɗarin shugabannin tasha suka zauna, kamar yadda suke yi in mota ta faɗi bayan gyara. Kawu yana nan, direbobi sun cika rumfar. Aka ajiye karyayyen ganyen a kan tebur aka kira Baba. Ya ɗauka, ya goge baƙin man da gefen rigarsa, ya juya shi a rana. Gefen da ya karye ya yi shuɗi-shuɗi, cikinsa kuma fari da tsaba kamar an karya sukari. Ya ce wannan ya sha wuta, an kuma kashe shi da ruwa, shi kuwa tun da yake bai taɓa sa wa sufurin wuta ba. Ya ce ganye ɗaya ya bari a jingine ya tafi ta'aziyya.

Shugaban ya juyo ya tambaye ni wa ya yi aikin. Na ce Baba ne. Baba ya dube ni, ba da fushi ba, kamar yadda yake duban ganye a kan zanen alli.

"Ɗana, duka?"

"Duka, Baba."

Ya ajiye ƙarfen a hankali, ya sa takalminsa ya fita. Wani daga baya ya ce tsufa ne, ƙarfin guduma ya ƙare masa shi ya sa ya fara satar hanya da wuta. Wannan maganar ita ta zaga gari.

Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ci shi tara. Motoci ne kawai suka daina zuwa. In na wuce daga nesa sai in hango shi zaune, guduma a jingine, ya zana sabon alli a kan siminti ba ganyen da zai gwada. Kafin damina ta faɗi ya ɗora ƙarfensa a amalanke ya koma Mayo Bani noma.

Ni ma ban zauna ba. Kawu ya sayar da gawar motar, na tafi Yola na kama tuƙin keke mai ƙafa uku. Ranar da na je duba abokina ya fara takawa da sanduna biyu. Shi ya san komai, shi ya riƙe min ganyen a kan mashin. Bai tona ni ba, bai kuma taɓa ce min na cuce shi ba. Muna zaune a ƙofar gidan yayarsa ya ce shi ƙugunsa ƙaddara ce, da ƙafarsa ya bi ni, ya yafe. Sannan ya ce, "Amma tsohon nan fa bai bi ka ko'ina ba." Na ce zan gyara. Na yi kusan shekara ina cewa zan gyara, irin bayan kasuwar nan dai.

Wata rana abokin nawa ya kira ya ce an ga Baba a asibitin Mubi, ƙafafunsa sun kumbura, 'yarsa ke riƙe da shi. Na ajiye keke a gefen titi, fasinja na ciki, na rubuta wa kawu saƙo. Fasinjan ya gaji ya sauka.

Kawu ya karanta shi a tasha bayan la'asar, a rumfar da aka yi zaman farko. Daga nan kawu ya yi shekara biyu bai amsa gaisuwata ba. Mahaifiyata ta ce min da ma a rumfar na faɗa, da ta fi iya ɗaga kai a unguwa. Direbobi shida suka cika mota suka je Mayo Bani suka ba Baba haƙuri, suka ce ya dawo. An ce ya yi musu godiya, ya ce hannunsa ya daina ɗaukar guduma. Ni ma na je daga baya. Ya sa aka kawo min ruwa, ya tambayi jikin abokina, ya ce ya yafe tun tuni, bai bar ni na ƙarasa bayanin ba. Bai kai wata damina ba ya rasu.

Yanzu ina jan motar daji ta wani, kuma duk wanda ya tambaye ni yadda zai sa tasa ta tsaya a kan kwalta ina gaya masa: a tayar da sufurin a sanyi, a canza robobi da shokazoba, a duba tayarod, a ba mai aikin kwanakin da ya ce. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne. Haɗarin dai gaggawa ce ta jawo shi, na yarda, yarinta ce. Amma abin da na faɗa a rumfa ba gaggawa ba ce. Kwana huɗu na yi ina shirya shi. Shi ne har yau in na ji ana bugun ƙarfe a gareji sai ya dawo min sabo.

Saƙon yana nan a wayata, na canza waya uku ban goge shi ba:

"Salam Kawu. Ganyen da ya karye ba Baba ya yi ba. Ni na kai aka sa masa wuta, ni na zuba ruwa, ni na shafa baƙin mai. Ya tambaye ni a waya na yi masa ƙarya, ya tambaye ni a gabanku na sake yi. Don Allah ka karanta wannan a tasha yau, kowa yana nan. Kar ka ce wani yaro ne. Ka faɗi sunana da na babana."