Irin Rogon da Ya Tsira a Dangar Mahaifiyata

Shekarun baya, Turawa na mulki, ina sabon malamin gona na En'e a Isa, fara ta cinye mana gero. Sai Baturen gona ya aiko da damman karan rogo a kan jakuna, ya ce in raba wa manoman ƙauyen Turba, tunda fara ba ta tona ƙasa. Mu kuwa mutanen gero ne, iri a wurinmu ƙwaya ce. Da ƙyar na shawo kan wasu magidanta suka ware wa kara gefen gonakinsu.

Karan ya iso ne tsakiyar bazara. Takardar Baturen ta ce a ajiye a inuwa sai ruwa ya sauka. Na jibge shi a wani ɗaki a gidanmu na sa kwado, ina jin kaina cikakken ma'aikaci. Dami ɗaya da ɗakin bai ɗauka ba na jingine a zaure.

Na dawo daga rangadi na tarar mahaifiyata ta kakkafa shi bayan makewayi, inda dangarmu ta faɗi.

"Inna, kayan gwamnati ne fa."

"Ita gwamnatin ba ta san icce mai rai ƙasa yake so ba? Iccen dashin da muke shinge da shi, ɗaki muke kulle shi?"

"Za ni cire su."

"Cire, malam. Sai ka tsaya nan ka zama dangar."

Na ƙyale, ina ƙunƙuni.

Da ruwa ya sauka na buɗe ɗakin. Karan ya bushe ƙayau, gara ta gama da na ƙasa. Na zauna ina tunanin abin da zan gaya wa mutanen da suka bar gona fili saboda maganata, a shekarar da rumbu ba komai.

"Taho ka ga kayan gwamnatinka," in ji mahaifiyata.

Dangar ta yi ganye. Ruwan wanka ya raya ta, Inna kuma ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Na tuge, na yayyanka taƙi-taƙi, ya ishi mutum uku. Sauran na ba su haƙuri, wani dattijo ya ce, "Da ma ban ga ta inda icce zai zama tuwo ba." Shekara na zagayowa shi ya fara zuwa karɓar kara daga gonakin ukun nan, kuma da haka kowa ya samu.

A rahotona na rubuta cewa an tsirar da irin ta hanyar kafa shi a ƙasa mai danshi. Bature ya yaba. Ban ce wa ya kafa ba, kuma har yau abin yana ɗan sosa mini rai. Tun daga nan, kafin in karanta wa manomi takarda, sai na tambayi yadda ake yi a gidansu.

Inna kuwa abu ɗaya ta nema: tunda na tuge mata danga, in kafa wata. Da dashi na kafa, ya kuma tsira.