Farin Kabejin Malam Abdulfatah

Jama'ar Jos da kewaye, masu karanta wannan shafi da masu naɗe ƙosai da shi, ku shaida: daga yau na haramta wa farin kabeji, wato kalifulawa mai curin rassa, shiga gidana. Ba a miya ba, ba a kan shinkafa ba, ba ko a hoton kalanda ba. Na yanke wannan hukunci da cikakken ikona a kan tukunyar da ba ni ke ɗora ta ba.

Dalilin kuwa mai nauyi ne. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran aminina Malam Abdulfatah na unguwar Congo-Russia, tsohon malamin lissafi, bayan jinyar ciwon huhu. Mu na Allah ne, kuma wurinSa kowannenmu ya nufa.

Malam, kai ka ɓata tsakanina da wannan kayan lambu. Na tuna ranar da ka sayo shi wurin Firisila, maƙwabciyarka mai sayar da kayan miya, wadda ka koya wa 'yarta lissafi kyauta har ta shiga jami'a. Ka zaunar da ni a zaure, ka ɓalle reshe ɗaya, ka ce in duba. Na duba, sai ga shi kamar uwar da aka ciro shi. Ka ɓalle ƙarami daga jikinsa, shi ma haka. Ka yi ta ɓallewa har ya gagari farcenka.

Ka ce, “Lukuman, a nan hannuna ya tsaya. A lissafi ba ya tsayawa.”

Daga ranar ban sake ganin duniya daidai ba. Ka nuna mini abin a rassan bishiya, a tsagar duwatsun Shere, a zanen da ruwan sama ke bari a gefen tsofaffin ramukan kuza. Ƙarami kamar babba, babba kamar wanda ya fi shi. Ni da ake karantawa har a unguwar Daɗin Kowa, na koma ina tsoron kallon jijiyoyin bayan hannuna.

Na sha tsare ka da tambaya: shin wannan maimaici yana da wata ma'ana? Sa hannun Mahalicci ne a kan halittarSa, ko kuwa hanya ce kawai mafi sauƙi da abu ke bi ya cika wuri? Ba ka taɓa yi mini ƙaryar sani ba. Kakan ce lissafi ya nuna maka yadda abin yake, amma dalilinsa sai dai ka yi tasbihi ka yi shiru. Na so ka ba ni amsar da zan kwana da ita. Ka ƙi.

Sai ziyarata ta ƙarshe. Ka sa aka ɗaga hoton ƙirjinka na asibiti a jikin taga. Na ga bishiya a kife, reshe na haifar reshe, kowanne kamar na gabansa. Ka yi dariyar da ta ƙare da tari, ka ce ashe farin kabejin a jikinka yake tun haihuwa. Sannan ka ɗora yatsa a kan wani tabo, inda rassan suka cure suka daina bin tsari.

Ka ce, “Kai maimaicin kake tsoro. Ga abin tsoro nan, inda ya daina.”

A daidai lokacin tari ya kubce mini, wanda na daɗe ina ɗora wa sanyin Jos. Ka dube ni irin duban da ka yi wa ƙaramin reshen nan.

“Wannan ƙaramin nawa ne. Haka ya fara. Je ka a ɗauki naka hoton.”

Malam, har yau ban je ba. Na rubuta sharhi a kan gwamnatoci ban girgiza ba, amma na kasa tsayawa gaban na'ura in ja numfashi. Ina tsoron a ɗaga nawa a jikin taga.

A wurin zaman makoki Firisila ta iso da kwando cike da farin kabeji, tana hawaye tana cewa, “Oga, shi ne abin da Malam yake so, ban san wani abu da zan kawo ba.” Mai ɗakinka, Hajiya Balaraba, ta aiko mini da guda, tare da saƙonka na baki: a ba Lukuman, ya san sauran.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya yalwata makwancinka, Ya nuna maka dalilin da ka yi wa shiru. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Balaraba, da 'ya'yanka Rahma da Zainulabideen, da ɗalibanka na masallaci da na coci. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Saura shari'a. An samu farin kabeji a aljihun babbar rigata, a cikin gidana, bayan dokar da na kafa da bakina. Kotu, wadda ni ne alƙalinta, ta same ni da laifi, ta kuma ci ni tara: ranar Litinin da safe zan cinye shi ɗanye, reshe bayan reshe, a kan bencin asibiti, har a kira sunana.