Ranar da Katafila Ta Shigo Ƙauyenmu

Safiyar ta fara kamar kullum. Matata Jummai tana shanya barkono a tsakar gida. Ni kuma na jera yara a filin makarantar ƙauyenmu, muna rera taken ƙasa. Ni ne malaminsu. Ni na koya musu cewa sabon babban birnin da ake ginawa a bayan dutsenmu na kowa ne, babu ƙabilar da za ta fi wata a cikinsa. Na yarda da hakan. Har gobe ina so in yarda.

Wajen ƙarfe tara muka ji ruri daga hanyar Wuse. Muka ɗauka motocin yashi ne. Sai ga katafila, bayanta motar 'yan sanda. An sha gaya mana za a tashe mu, mu Gbagyi, amma an ce sai bayan girbi. Dawa ko kai ba ta fitar ba.

"Ku fita! Kowa ya fita!"

Na sallami yara, na ruga gida. Kafin in kai, ɗakin maƙwabcinmu ya faɗi. Ƙarar kwanon rufi ta cika gari. Awaki na kuka, mata na kiran sunayen 'ya'yansu. Wani saurayi ya jefa dutse. Nan take aka saki barkonon tsohuwa.

Mahaifina tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa don kada ƙasar nan ta rabu. Ya fito da tsohuwar hularsa, ya tsaya a gaban rumbu, ya sara musu. Bakinsa yana motsi, injin bai bari an ji ba.

"Matsa, tsoho!"

Bai matsa ba. Gindin bindiga ya same shi a ƙirji.

Na goya shi. Jummai ta saɓa tukunya da tabarma a kafaɗa, ta ja 'yarmu. Muka bi ta rafi, idanu na zubar ruwa, maƙogwaro na raɗaɗi. Da azahar muka waiwaya daga kan tudu. Rumbunanmu na ci da wuta.

Da la'asar wani direban tipa, Bahaushe, ya tsaya ba mu roƙe shi ba. Ya sauke mu a Mararaba, wajen ƙanwar Jummai. Baba bai sake yin magana ba. Kafin asuba ya cika. Muka binne shi a ƙasar da bai taɓa nomawa ba.

Yanzu ana kiran wurinmu Maitama. Bara na je neman kabarin mahaifiyata. Na gane dutsen, na gane tsamiyar da ke gefen kabarin, tana cikin wani gida mai doguwar katanga. Maigadi ya leƙo ya tambaye ni wa nake nema. Na faɗa masa sunanta. Ya yi ɗan tunani, ya ce ba ta aiki a nan.