Mai Jifan Tubali a Guangzhou

Shekarun baya, lokacin ina karatu a birnin Guangzhou na ƙasar Chana, na taɓa naɗa kaina manajan ɗan wasa. Ba wanda ya naɗa ni, ba wanda ya nemi shawarata, wasan ma ban taɓa ganinsa ba sai da na je can. Amma kun san halin Bakano, da ya hango abu zai yi kasuwa, kafin a ankara ya ajiye bencinsa a bakin ƙofa.

Ɗan wasan abokina ne, ɗakinmu ɗaya a makaranta. Bazazzagi ne daga cikin birnin Zariya, gidansu magina ne tun kaka da kakanni, masu ginin ƙasa da tubali. Dogo ne, shiru-shiru, ga tafin hannu kamar faranti. Shi yana karatun injiniyan gini, ni ina karatun kasuwanci, sauran lokacina kuma na ware shi don tsokanarsa.

Wata Juma'a mun dawo daga masallaci muka ratsa ta filin makaranta, sai ga wata ƙwallo mai kama da gwanda ta gangaro ƙafarmu. 'Yan ƙungiyar ƙwallon Amurka ne ke atisaye, sun sha hulunan kwano da manyan kafaɗun roba. Wani daga can ƙarshen fili ya ɗaga hannu a mayar masa. Abokina ya ɗauka, ya jujjuya ta, ya ce, "Ai wannan tubali ne." Ya cilla ta da kaftaninsa a jiki. Ta tafi ta sauka a hannun mutumin, ko taku ɗaya bai yi ba.

Ba mu kai bakin fili ba kocinsu ya biyo mu a guje. Ni na yi zaton mun yi laifi, har na fara haɗa Sinancin ban haƙuri.

A wannan wasa akwai mutum ɗaya da ake kira kwatabak. Da an fara, shi ake miƙa wa ƙwallo, 'yan ƙungiyarsa su ruga gaba, shi kuma ya zaɓi ɗaya ya jefa masa kafin ƙartin ɗaya ɓangaren su iso su danne shi. Wannan gurbin kocin ya ba abokina. Jifan ba iri ɗaya ba ne, don tubali daga ƙasa ake cilla shi sama, wannan kuwa ta saman kafaɗa. Sai dai awon nisa da saiti yana da su tun yana yaro, sauran kuma koci ya ɗora shi. Kafin mu kai shekarar ƙarshe, duk jami'o'in da ke buga wasan a yankin sun san da dogon ɗan Afirkan nan. Ni kuwa ina gefen fili da gorar ruwa, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya bi ta kaina. 'Yan ƙungiyar har lawban suke ce mini, wato oga, kuma ban taɓa gyara musu ba.

A shekarar ƙarshen ne koci ya kira mu ya ce wata ƙungiyar ƙwararru daga Japan za ta turo mutuminsu mai zagayen neman 'yan wasa. In abokina ya yi masa, za su gayyace shi sansaninsu na gwaji. In bai yi ba, shi ke nan, muna karɓar takardar gama makaranta bizarmu ta ƙare, ƙwallon gwanda kuma sai dai labari, don a Zariya ba mai buga ta.

Da muka fito na ce masa, "Mutumina, kana so kuwa? Na ga fuskarka kamar an ce ka zo ka karɓi allura."

Ya dubi tafin hannunsa. Can ya ce, "Wallahi ina so. Ban taɓa son wani abu haka ba."

Tunda nake da shi ban taɓa jin ya ce yana son komai ba, ko abinci sai dai ya ce duk wanda aka samu. Maganar ta shige ni.

Mutumin ya zo, wani ɗan dattijo mai furfura da hular hana sallah, ya kalli wasa ɗaya daga farko har ƙarshe bai ce uffan ba. Mun ci wasan, har na fara tunanin irin kwat ɗin da manaja ke sawa. Sai ya tara mu ya ce hannun yaron nan kyauta ce daga Allah, amma yana da aibi guda. Ba ya sakin ƙwallo sai wanda zai cafe ya juyo sun haɗa ido. Ya ce a wasan makaranta wannan yana wucewa. A wurin ƙwararru kuwa, ana jifa ne mutum yana gudu ya ba ka baya, ka aika ƙwallon inda zai kai, ya juyo ya tarar da ita. Wanda ya tsaya jiran ido, kafin ya jefa an rufe hanya, shi ma an kai shi ƙasa. Ya ce zai dawo kafin mu gama makaranta ya sake dubawa.

Na ce wannan ai ƙaramin abu ne. Ashe ban san komai ba.

Koci ya yi iya yinsa. Wani dogon ɗan Chana da ya fi kowa cafe masa ƙwallo ya yi ta gudu cikin zafin nan na Guangzhou mai sa riga ta manne a jiki, har ya rame. Abokina zai ɗaga hannu, ya saita, sai hannun ya tsaya a sama cak, sai yaron ya waiwayo sannan ya saki. Ni ma na shiga aikin. Duk yamma in cire takalmi in yi ta zabga gudu na ba shi baya ina ihu, "Jefo! Jefo mana!" Ko sau ɗaya bai jefo ba. Ni da ko motar haya ban taɓa bi da gudu ba, sai ga ni ina haki kamar tunkiyar da ta tsinke.

Ran nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kai wai me ke damunka ne? Iska ce fa a cikin abin nan. Wa ta taɓa kashewa?"

Ya zauna a kan ciyawa ya ce, "Baba ne ya hana."

Sai ya ba ni labari. A wurin gini, magini yana zaune a kan katanga, mai jifa yana ƙasa yana cilla masa tubali ɗaya bayan ɗaya. Tubali busasshiyar ƙasa ce mai nauyi, in ya sami mutum bai shirya ba zai iya faɗo da shi. Don haka ranar farko da mahaifinsa ya sa shi jifa, ya kama kunnensa ya ce kada ya kuskura ya jefa wa wanda bai dube shi ba. Ya maimaita masa har ba adadi, wani lokaci da baki, wani lokaci da tsumagiya.

Na ce, "To ai nan ba katanga."

Ya ce, "Kaina ya sani. Hannun ne bai sani ba."

Ban ji tausayinsa ba a lokacin, haushi na ji. Ga arziki yana kiran mutum, ya tsaya yana biyayya ga dokar da aka kafa masa yana ɗan firamare.

Ana saura 'yan makonni mutumin Japan ya dawo, muka je unguwar Xiaobei bayan sallar Juma'a cin tuwo, a wani ɗan gidan abinci da ke lungun Dengfeng inda 'yan kasuwar Maraɗi ke taruwa. Abokina ya tasa tuwo a gaba yana juya cokali. Na ce masa tunda dokar ta Baba ce, ni zan kai ƙara wurin mai dokar. Ya zaci wasa nake. Na fizge wayarsa na kira ƙaninsa ta bidiyo.

A can gida safiya ce, suna wurin aiki. Ƙanin ya ɗaga wayar sama, sai ga Baba a kan katanga, ƙafa ɗaya ta nan ɗaya ta can, hannu duk laka. Na gaishe shi, na yi masa barka da aiki, ya tambayi karatu, ya tambaya ko Bakano ya fara sayar da 'yan Chana. Sannan na kwashe komai na faɗa masa. Abokina ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da satar nama.

Baba ya yi dariya har sai da ya dafa katanga. Ya ce, "Ba ni shi."

Na juya wayar.

Ya ce, "Kai, duk shekarun da ka yi kana ganina a wurin aiki baffanka yana jefo mini tubali, ka taɓa ganin na dube shi?"

Abokina ya ɗago kai. Na ga idonsa ya tafi wani wuri. A hankali ya ce, "A'a, Baba. Hannu kawai kake miƙawa."

"To. Ina ɗora wannan, wancan yana hanya. Da zan tsaya kallonsa, da har yau ba mu gama ɗakin kakarka ba. Waccan doka ta sabon hannu ce. In yaro ya ƙware, ya san tafiyar magininsa, sai a cire masa." Ya ɗan tsaya yana murza lakar hannunsa. "Kai lokacin cire maka ya zo, sai ka tafi makarantar kwana. Daga nan kuma sai jirgi. Ni ne ban samu na faɗa maka ba."

Gidan abincin ya yi tsit, don Alhazan Maraɗi duk sun bar cin tuwo suna saurare.

Baba ya ce, "Shi wanda kake jefa wa, ka san tafiyarsa?"

"Na sani, Baba."

"Ya yarda da kai?"

"Ya yarda."

"To na cire maka. Ka jefa. Allah ya yi albarka."

Wani Alhaji a teburin baya ya ce amin da ƙarfi, sauran suka amsa. Abokina ya ja hularsa ya rufe fuska. Ni ma, in faɗi gaskiya, yajin miyar ya ɗan shiga mini ido.

Washegari muka je fili. Na ruga kamar kullum, na ba shi baya, zuciyata a sake don na saba ba abin da ke zuwa. Ina juyowa ƙwallo ta same ni a tsakiyar fuska. Tabarauna ya rabe biyu, na zauna daɓas. Ina jin hancina yana zafi, ina jin wani irin daɗi da ban san yadda zan kwatanta shi ba. Ya rugo yana ba ni haƙuri, na ce ya koma ya sake.

Ba a rana ɗaya ya gyaru ba, kada in yi muku ƙarya. Wani lokaci hannun ya sake tsayawa, wani lokaci ya yi gaggawa ƙwallo ta faɗi inda ba kowa. Amma ƙullin ya kwance, saura sabo.

Ranar da mutumin ya dawo an yi ruwa da safe, fili ya jiƙe. Jifan farko abokina ya jira ido. Na ga dattijon ya taɓe baki. A na biyu dogon ɗan Chanan ya ruga, bai waiwayo ba, bai ma kai inda zai karya kwana ba, sai na ga ƙwallo ta bar hannun abokina ta nufi wani wuri da ba kowa. Na rufe ido ɗaya. Yaron ya karya kwana, ya juyo, ya buɗe hannu, ta faɗa ciki kamar an ajiye masa. Dattijon ya gyara hularsa ya ce a sake. Aka sake, aka kuma sakewa.

Sun gayyace shi sansanin. Bayan gwaji suka ɗauke shi a matsayin na jiran ko-ta-kwana, wanda ke zaman benci sai in na gaba ya ji rauni. Ba babban matsayi ba ne, amma ƙofa ce, kuma ya shiga. Har yanzu yana can, yana samun shiga wasa fiye da da. Manajansa na gaskiya wata mata ce mai ofis. Ni an sallame ni ba tare da an san an taɓa ɗaukata ba, yanzu jakunkuna nake saro wa mutane daga kasuwar Shiling.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Da ina ganin duk abin da ya riƙe mutum tsoro ne, magani kuma a yi masa tsawa. Abokina ba matsoraci ba ne. Amana aka ba shi yana yaro, ya riƙe ta har wata ƙasa, ba wanda ya zo ya ce masa ya isa haka. Tun daga lokacin nakan duba kaina, ina neman irin waɗannan dokoki da aka kafa mini don ƙuruciya, nake ta ɗauka har da gemuna. Na sami wasu. Na kuma koyi cewa wanda duk na kafa wa doka, yana bi na bashin komawa in gaya masa ranar da ta ƙare.

Hutun da ya zo gida na farko, na tashi daga Kano na je Zariya gaishe shi. Aka ce suna wurin gini. Na same su ana ta da katangar wani zaure, Baba yana sama, shi yana ƙasa ya naɗe hannun riga, tulin tubali a gabansa. Na tsaya daga nesa ban yi sallama ba.

Baba ya ɗora tubali, ya shafe shi da laka, idonsa a kan aikinsa. Ya miƙa hannu baya, bai waiwayo ba. Kafin ya gama buɗe tafin, tubalin ɗansa yana ciki.