Maƙwabcin da ke Tsakiyar Gonar Gwaggo Gyesun

Kowa a ƙauyenmu ya san Gwaggo Gyesun ba ta cin abincin rana ita kaɗai. In rana ta take, sai ta fito daga cikin itatuwan lemonta, ta zauna a kan katangar baƙaƙen duwatsun da ta kewaye kabarin da ke tsakiyar gonar, ta gutsuri lomar farko ta ajiye a kan dutse, sannan ta ci nata. Kabari a tsakiyar gona ba abin kallo ba ne a nan tsibirinmu na Jeju. Sai dai wannan ba shi da kowa. Ita da mijinta Dalsu sun tarar da shi a nan ne lokacin da suka sayi gonar suna sabon aure, babu dutsen suna, babu mai leƙowa. 'Yar ƙofar da aka bar wa mamacin a jikin katangar tana hagu, da haka aka san namiji ne, iyakar abin da aka sani ke nan. Ita dai Maƙwabci take kiransa.

Duk watan takwas, in dangi suka watsu cikin gonaki suna yanke ciyawar kaburburan kakanninsu, ita ma sai ta ɗauki laujenta. Tana yi tana yi masa faɗa, wai wane irin mutum ne da bai bar ko jika ɗaya mai kunya ba. Gidana na jikin nata, na kuma ji wannan faɗan tun ina amarya har na yi furfura.

Dalsu ya rasu, gwiwoyinta suka fara ƙin sanyin tsibirin nan. 'Yarta ɗaya tilo, Miran, tana Cebu a ƙasar Filifin, inda ita da mijinta suke da gidan abinci. Miran ta dage a kan uwarta ta koma can, ta huta cikin ɗumi, ta ga jikokinta suna girma. Gwaggo ta yi ta ja, daga baya ta yarda, kuma na san har zuciyarta take son tafiyar, don ta fara tambayata yadda ake gaisuwa da Turanci.

Daga nan wahala ta soma. Bizar masu hutun tsufa tana son shaidar 'yan sanda, da gwajin asibiti, da kuɗi masu kauri da za a ajiye a bankin can a bar su kwance. Ni nake kai ta birni a motata. Kafin wannan takarda ta fito, waccan ta kusa mutuwa. Ranar da Miran ta gaya mata cewa baƙo ba ya mallakar ƙasa a can, sai dai ɗaki a saman bene, Gwaggo ta tambaya ko su mutanen bene a iska suke shuka albasa. Kuɗin ajiyar da na ɗakin kuwa babu inda za su fito sai gonar.

Dillali ya kawo mai saye, wani mutumin Seoul, babban birnin ƙasarmu, da ke son gina masaukin baƙi. Ya ga teku daga gonar, ya yaba, sai idonsa ya faɗa kan kabarin. Ya ce sai an cire. Dillalin ya ce ai abu ne mai sauƙi, doka ta tanadi hanya: a yi sanarwa a jarida, in ba wanda ya fito, a tone, a ƙona ƙasusuwan, a kai tokar ma'ajiyar hukuma. Gwaggo ta tambaye shi wa zai riƙa zuwa wurinsa a can. Ya yi dariya.

"Gwaggo, toka ce fa a cikin tulu."

"To ka je ka gaya masa da bakinka," in ji ta. "Ga shi can, yana jin ka."

Sanarwar dai ta yarda an yi, ko Allah zai sa wani ya tuna yana da kaka. Ba wanda ya fito. Sai ta ce ita za ta tashe shi da kanta, amma ba za a taɓa shi ba sai watan ƙari, wanda ke shigowa kalandar wata bayan 'yan shekaru, watan da ake tashin matattu ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. Aka duba kalandar wata, aka ga sai baɗi. Mutumin Seoul ya kama gabansa. Takardun da muka sha wuya a kansu duk suka mutu. Miran ta yi kuka a waya, ta ce an fifita gawar da ba a san ko ta waye ba a kan jikoki masu rai. Ni ma raina ya ɓaci, don man motata ne ya ƙone a banza, na kuwa gaya mata. Ta saurare ni tsaf, ta cika mini kwando da lemo, ta ce in gaida yara.

Shekara ta zagayo, aka sami wani mai sayen, wanda ya taya ƙasa da na farko. Muka sake zagayen ofisoshi daga tushe. Ba ta taɓa gaya wa kowa inda za ta kai Maƙwabci ba, ni kuma na ɗauka wani lungu ta nema masa a maƙabartar gari.

Ran tashin, masu tono suka zo da sassafe, suka kafa rumfa don kada rana ta taɓa shi. Gwaggo ta ajiye wainar shinkafa, ta zuba giya, ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata da ko matakala ba sa iya hawa, ta gaya masa cewa za a yi ƙaura, kada ya tsorata. Ita ta naɗe ƙasusuwan cikin farar takarda, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda an taya ta ba. Ban taɓa ganin hannun mutum ya natsu haka ba.

Aka sa shi a a-kori-kurar masu tono, ta tashi, na bi ta a baya. Ta wuce kwanar maƙabartar gari, ta kama hanyar tudu. Nan na gane inda aka nufa, don abu ɗaya ne a kan tudun nan: ɗan filin da ita da Dalsu suka saya wa kansu. Dalsu na kwance a gefe guda, gefe guda kuma nata ne, har an riga an sassaƙa sunanta a jikin dutsen kusa da nasa. Da muka isa, na tarar an haƙa nata.

Ƙanen mijinta, Dalho, ya iso yana huci, ya ce ba a taɓa kwantar da bare a jikin ɗan gidansu ba. Ta ce masa yayansa ya fi shekara arba'in yana hutawa a jikin katangar mutumin nan, in akwai bare a wurin, sai dai wanda bai taɓa yanke masa ciyawa ba. Dalho ya cire hularsa.

Da aka rufe rami, na matsa kusa da ita.

"Gwaggo, ke fa? Ina za ki kwanta?"

"Maman Jiho, ni ina da 'ya. Duk inda na faɗi, akwai wadda ta san ni."

A lokacin na gane ta daɗe da sanin cewa tafiyar nan ba ta dawowa ba ce, ta kuma gama shirinta ba tare da ta ɗaga wa kowa hankali ba. Na zauna kusa da matar nan rabin rayuwata, ashe ban san girmanta ba.

Mai sassaƙa dutse ya matso da kayan aikinsa, ya tambaya ko ya goge sunanta yanzu. Ta ce ya bari. Ya ce ai namiji ne a ciki, sunan kuwa na mace ne.

"Ya daɗe ba shi da ko ɗaya," in ji Gwaggo. "Ba zai yi tsirfa ba."

Bizar ta fito da kaka, ta tafi. Miran takan turo mini hotonta tana shuka albasa a cikin bokiti a saman bene. Watan takwas kuma ni nake hawa tudun da lauje, in yanke ciyawar su biyun. Jikokina suna karanta dutsen, su tambaye ni ko Gwaggo Gyesun ce a ciki, in ce musu a'a, maƙwabcinta ne, aro ta ba shi.