Agogon da Ke Jira

Shekara arba'in Mai Agogo ya yi a shagonsa, gilashi manne a ido, yana farfaɗo da agogunan mutane. Sai ga cikinsa ya fara latti. Abincin safe ya zauna masa kamar dutse har la'asar, in ya miƙe kuma jiri ya ɗebe shi.

Likita ya ce ciwon sukari ne ya taɓa jijiyoyin da ke aiki ba da umarnin kowa ba, masu tafiyar da zuciya da hanji. "Ci kaɗan-kaɗan, Baba, sau shida a rana."

Ya saita agogo shida, kowanne da lomarsa. In rana ta take yakan yi gyangyaɗi, ya ga a mafarki ya buɗe cikinsa kamar murfin agogo, 'yan faya-fayai masu haƙora na juyawa a hankali cikin haske ruwan zuma.

Akwai wani tsohon agogon bango a shagon da kullum yake baya da awa uku.

"Malam, wannan abin kunya ne, gyara shi mana," in ji matarsa.

"Ƙyale shi," ya ce. "Duk shagon nan shi kaɗai ke jirana."