Yadda ƙauyenmu ya fi Kano zafi

Shekarun baya kaɗan, ina digiri na biyu, aikin bincikena shi ne hasashen yadda zafi zai ƙaru a manyan birane. Kana zuba wa kwamfuta alƙaluman zafi na shekaru, ta yi lissafi, ta nuna maka inda aka dosa. Na ce hasashe ne fa, ban ce tabbas ba. Malamina ya ce lissafin Kano ba zai tsayu ba sai an gwada shi da wani ƙauye da babu kwalta da hayaƙin motoci. Na ce ga namu nan, kusa da Fagam a Gwaram.

Aka ba ni wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, mai rubuta zafi da kanta kowace awa. Na kai ta gida, na kafa sanda a bayan gida, na yi mata 'yar rumfa, na duba ɗaurin sau uku. Na ce wa mahaifiyata, "Inna, kayan makaranta ne, a kula da ita." Sai da na kai Birnin Kudu na sake kira na jaddada.

Bayan wata shida aka aiko min da ita a motar haya. Da na zuba alƙaluman, sai ga abin da ban shirya masa ba: ƙauyenmu ya fi tsakiyar Kano zafi, kuma ba duk yini ba, da safe da yamma kawai. Na sake lissafin har na daina ƙirgawa. Saura wata ɗaya in kare aikin a gaban malamai, ga shi sakamakon ya saɓa wa duk abin da na karanta. Ban ce na gano sabon abu ba, amma na rubuta babi guda a kan cewa mai yiwuwa duwatsun yankinmu ne ke riƙe zafi. Ina jin kalmar "wataƙila" ta fi kowace yawa a babin.

Malamina ya daɗe yana kallon zanen alƙaluman, sannan ya ɗora biro a wani wuri.

"Wannan watan fa? Zafin safe ya ɓace, ya koma kafin asuba. Na yamma ya matso gab da magariba."

"Malam, akwai yiwuwar iska ce ta sauya."

"Watan azumi ne. Duwatsun garinku sahur suke yi?"

Washegari na kama hanyar gida. Na tarar da Inna tana tuƙa tuwo. Na gaishe ta, na tambayi kowa da kowa, sannan na lallaɓo na tambayi inda na'urar ta zauna.

Ta nuna wata ƙusa a bangon kicin, saman murhu. "Nan. Kana tafiya da kwana biyu akuya ta fara cin igiyar, ga hadari. Ka ce a kula da ita. In ba inda idona yake ba, ina zan sa ta?"

"Inna, ai zafin gari nake so ta auna."

"To nan ɗin ba gari ba ne? Mu da muke wuni a ciki fa?"

A duk bayanin da na yi mata, ban taɓa faɗin abin da na'urar take yi ba.

Na koma na faɗa wa malamina gaskiya. Ban kare aikin tare da 'yan ajinmu ba. Na sake kafa sandar, na kewaye ta da ƙaya, na jira wani wata shida. A karo na biyu Kano ta fi mu zafi, kamar yadda ake zato, kodayake ba zan ce haka ne a ko'ina ba.

Jinkirin ya yi min ciwo a lokacin, yanzu dariya yake ba ni. Na koyi cewa kafin in yarda da kowane alƙalami, in tambayi hannun wa ya bi. Ita kuwa Inna, har yau idan mata suka tambaye ta me na karanta a jami'a, cewa take, "Lokacin da nake ɗora tukunya. Da ya tambaye ni, da tuni ya gama."